Tsohon Ruwan da Ka Bari a Zaure

Jega, ranar Talata.

Aikin farko yau: juya fatun awaki da ke kwatarniyar tsakiya, da tace ruwan sassaƙen da na jiƙa. Na yi duka biyun kafin rana ta ɗaga.

Zuwa ga ɗana Dattijo, a gidan kawunka Sule mahauci, Maiyama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya, ruwan garin kuma ya karɓe ka. Allah ya tsare ka a shigarka da fitarka, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum, ya sa albarka a abin da hannunka zai taɓa. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Za ka yi mamakin takarda, alhali ga waya a aljihunka. Na gwada wayar. Duk lokacin da na kira ka, daga "ina kwana Baba" sai "lafiya lau", sai mu yi shiru muna jin numfashin juna har ɗayanmu ya kashe. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina ne a kanka, ko sunan naka ban taɓa kira da bakina ba. Abin da zan faɗa ba zai fito ba in kana gabana. Shi ya sa na zauna da biro.

Ka tafi ka bar jarkoki biyun da na cika maka da tsohon ruwan jima a zaure. Innarka ta ce mantuwa ce. Ni na san ba mantuwa ba ce, domin ka ɗauki takalmanka da ke jingine a jikinsu. Jiya kawunka ya faɗa mini cewa mutanen Maiyama da na Sarandosa sun tara maka fatun layyarsu, har da na shanu, sun hana masu sayen ganda saboda an ce ɗan majeman Jega ya zo. Ya ce fatun suna cikin toka don gashinsu ya zube, kai kuma ka daka sassaƙe da gabaruwa mai yawa ka jiƙa sabon ruwa mai ƙarfi. Yana faɗa yana alfahari. Ni kuwa ban yi murna ba. In fatun nan suka fito daga toka ka kankare su ka jefa su kai tsaye cikin wannan ruwan, za su lalace. Fatun mutane ne, kuma da su garin zai fara auna ka.

Ba don na fi ka wayo na san haka ba. Na sani ne don na yi.

Ina kamar shekarunka kakanka ya kwanta ciwon ƙafa, majema ta koma hannuna. Akwai wata kwatarniya a kusurwa, ruwanta baƙi-baƙi, yana tsami, ga kumfa a samansa. Kullum ina ganin kakanka yana fara tsoma sabbin fatu a cikinta, ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka tsumulmula ce irin ta tsofaffi. Ranar da na samu iko sai na tuntsurar da ita a kwata, na wanke ta tas, na daka sassaƙen ƙirya da gabaruwa har kafaɗata ta ƙage, na haɗa ruwa ja wur mai ɗaure baki. A ciki na sa fatar wani bijimi. Cikin 'yan kwanaki ta yi ja, ta yi kyan da ban taɓa gani a majemarmu ba. Na shafe ta da man gyaɗa, na shanya, na kai wa Haruna baduku, wanda ka sani, a lokacin shi ma saurayi ne a rumfar mahaifinsa.

Da kakanka ya fara dogara sanda ya fito, kwatarniyar kusurwa ya fara leƙawa.

"Wa yaz zubda ruwan ga?"

"Ni na, Baba. Na ga ya yi dauɗa."

"Dauɗa," ya maimaita. Ya daɗe yana kallon cikin kwatarniyar. "Ruwan ga ya girme ka."

Sai ya koma ɗaki.

Da damina ta faɗi sai ga Haruna ya ratso kasuwa da ƙirgin bijimin nan da na jeme a kansa, ƙudaje na bin sa. Ya yanka shi don ƙasan takalmi, ya tarar da tsakiyarsa fari fat kamar cikin rogo, ga wari ya fara tashi. Ya jefa mini shi a ƙofar majema.

"Garba, ga gandarka. A kai ma Inna ta sa miya, ni ban iya ɗinkin nama ba."

Mutane suka yi ta dariya. Kakanka yana zaune a kan turmi, ya jira har kowa ya watse. Sannan ya miƙo mini wuƙa ya ce in yanka ta wajen wuya, inda ya fi kauri. Na yanka. Sama ja, ƙasa ja, tsakiya ɗanye. Ya ce ruwa mai ƙarfi yana ɗaure fuskar fata tun ranar farko, ya rufe ƙofa, sai ɗacin ya rasa hanyar shiga ciki. Tsohon ruwa kuwa fatu da yawa sun sha kaifinsa, ya yi laushi, yana shiga a hankali yana buɗe hanya, shi ne ke cire sauran tokar da ta maƙale. Bayansa ake matsar da fata zuwa kwatarniyar tsakiya, sabon ruwa shi ne na ƙarshe.

Za ka ce ai sai ka sirka sabon da ruwan rijiya. Ana yi, ni ma da haka na sake tayar da kwatarniyar kusurwa. Amma fatun farko da suka shiga ba su yi daɗin hannu ba, kuma namu ne, ba na mutane ba. Ban san dalilin sarai ba. Akwai wani tsami da ruwa ke yi in ya daɗe yana aiki wanda sirki ba ya kawowa. Saboda haka ka zuba jarkokin nan a mazubinka na farko, ka ƙara ruwan rijiya har ya rufe fatun, sabon kuma ka riƙa ɗiba da ƙoƙo kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ka fara da na awaki da tumaki, na shanu su biyo baya. Kada kyan launi ya ruɗe ka. Kuma in kawunka ya ba ka rabin durom na ƙarfe, ka gode masa ka ajiye. Ƙarfe da ruwan sassaƙe ba sa shiri, ƙusa ɗaya mai tsatsa ta isa ta yi wa fata baƙin tabo da ba ya fita. Ka nemi kwatarniya, ko durom na roba.

Har yau, Dattijo, in na tsaya a bakin kwatarniya abin yana ba ni tsoro. Fatar da aka feɗe da safe, in ka bar ta a rana ba gishiri, kafin jibi ba mai iya tsayawa kusa da ita. Abu ne da aka halitta don ya ruɓe. Sai ka ɗauko ɓawon itace, abin da ko akuya ba ta damu da shi ba, ka jiƙa a ruwa, ka haɗa su. Ba wuta, ba inji, ba ka ji ko motsi. Ɗacin yana shiga ta sama yana shiga ta ƙasa, kowace rana kaurin gashi ɗaya, har su haɗu a tsakiya a cikin duhu inda ba mai gani. Daga ranar fatar ta daina zama nama. Gafakar Alƙur'anin kakanka da ke rataye a ɗakina, mahaifinsa ne ya jeme fatarta. Akuyar ta tafi, wanda ya yanka ta ya tafi, wanda ya jeme ya tafi, wanda ya rataya ta a kafaɗa zuwa makaranta ya tafi, ita tana nan, in ka lanƙwasa ta ba ta ko ƙara. Wa ya sanar da itacen abin da fata ke bukata? Wa ya fara nuna wa mutum? Na yi karatun sakandare, an faɗa mana sunan abin da ke cikin ɓawon, na rubuta a jarrabawa. Sunan bai rage mini mamakin ba ko kaɗan. Mu dai juyawa kawai muke yi. Allah ne ke jima.

Kuskurena na biyu a kan itace ne, kuma shi ya fi daɗewa yana damuna.

Akwai wata ƙirya a bakin gonar wata tsohuwa a hanyar Alelu. Wata rana aka aike ni sassaƙe, na tarar ɓawonta yana ɓarewa cikin sauƙi, ja, mai ɗanko. Na ce me zai sa in yi ta yawo daga itace zuwa itace. Na zagaye gindinta da gatari na kwashe ɓawon duka, na cika buhu tun hantsi, na dawo ina jin ni gwani ne. Itacen bai nuna komai ba. Ganyensa kore shar har kaka. Da shekara ta zagayo na bi ta wurin, sai na gan shi tsaye tsirara, rassansa sun bushe. Tsohuwar tana zaune a gefen gona cikin rana. Ba ta san ni ba. Na gaishe ta, ta ce, "Ɗana, wani mara tsoron Allah ya yi ma ƙiryata yankan rago. Da ɗiyanta nika daddawa." Na ce Allah ya isar mata, na wuce. Ka ji abin da mahaifinka ya ce.

Da na faɗa wa kakanka, sai ya ɗauke ni a keke zuwa wata ƙiryar ta bayan gari, wadda ya ce tun yana yaro yake sassaƙarta. Ya kama hannuna ya ɗora a jikinta. Duk gefenta tabo ne, dogaye, wani kusa da wani, amma kowanne ya rufe. Ɓawon ya taso daga dama da hagu ya haɗe kamar leɓe. Itacen da aka yi shekaru ana yanka, ga shi da inuwa har garken shanu na kwana ƙarƙashinsa. Na tsaya ina shafawa.

To ka ji. In za ka sassaƙa, gefe ɗaya, faɗin tafin hannu, daga sama zuwa ƙasa. Kada bakin yankan ya taɓa haɗuwa ta baya. Ka kwaɓa laka ka shafe ciwon kafin ka tafi. Kada ka koma wa itace ɗaya sai tabon ya rufe. Ka nemi mai gonar ka yi sallama, ko da za a ce maka ba komai. Wajen Sarandosa har yanzu akwai ƙirya da maɗaci, amma masu gawayi sun fi mu sauri, abin da ya rage ba shi da yawa. 'Ya'yan gabaruwa kuwa ka jira su bushe su zubo, mata suna tarawa su kawo kasuwa, ka saya a hannunsu.

Akwai wani ƙaramin kuskure, ban san ko ya kai a rubuta ba. Lokacin da nake neman innarka a Aliero, ina jin kunyar hannuna. Ka san yadda ruwan jima ke rina farce da tafin hannu. Duk ranar da zan je zance sai in dirje su da yashi da lemun tsami har su yi jini, in cusa su a aljihu. Na ce mata ina taimaka wa wani a shagon magani. Wata rana kakarka ta wajen uwa ta leƙo zaure ta miƙo mini fura, dole na fito da hannun. Ta duba, ta ce, "Wanga maganin naku da gabaruwa aka dama shi?" Innarka ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ashe tun zuwan farko sun sani, hanci ya riga ya faɗa musu. Su masu albasa ne, in ji innarka, wa zai yi wa wani gorin wari. Kai ma za ka nemi aure a garin da ba a san ka ba. Ka yi wanka da sabulu, ka ware rigar masallaci daban da ta aiki, wannan haƙƙin mutane ne. Amma hannun ka bar shi a waje.

Yanzu na zo kan wanda ya sa ka bar jarkokin. Na daɗe ina kewaye shi.

Ƙirgin nan naka, na farko da ka yi kai kaɗai tun daga toka har shafa mai. Na ga yadda kake tashi kafin kowa kana juya shi. Na ga yadda ka kankare shi da kartaji ba ka huda ko wuri ɗaya ba, abin da ni ban iya ba a shekarunka. Ban faɗa maka ba. Ranar kasuwa Haruna ya zo da dukawa biyu daga rumfarsa, ka shimfiɗa shi a gabansu. Haruna ya murza gefensa, ya sunsuna.

"Garba, yaron ga ya hi ka hannu. Kai a shekarunai nama kaka kawo muna."

Suka yi dariya, kai ma ka yi murmushi ka sunkuyar da kai. Ni kuwa sai na zaro wuƙa. Na yanki wajen wuya na ɗaga sama ina dubawa, na ce, "Bai nuna ba. Da sauran zare a tsakiya. Maida shi ruwa."

Haruna ya karɓa ya duba. "Wane zare? Ni ban ga komi ba."

"Ni na gani."

"To, idonka ya hi nawa," ya ce, ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Ka naɗe ƙirgin ka kai shi babbar kwatarniya ka danna shi da dutse. Daga ranar ba ka sake tambayata komai a kan aiki ba, kuma da kawunka ya yi maganar Maiyama ba ka ko kwana kana shawara ba.

Na yi ta juya abin a raina. Yankan ba laifi ba ne. Duk ƙirgin da zai fita daga hannunka ka yanka shi a wuya, ko naka ko na wani, ko mai shi yana tsaye yana gaggawa. Wannan kada ka bari har ka mutu. Laifin shi ne wurin da na yi shi, da hannun da ya riƙe wuƙar. Kakanka, da na jawo masa abin kunya a tsakiyar kasuwa, ya jira kowa ya tafi, kuma ni ya ba wuƙar. Ni ɗana ya yi aikin da aka yaba, na tsinka shi a gaban baƙi. Na tambayi kaina ko tsoron kada a dawo maka da shi a ka ne, irin yadda aka yi mini. Akwai wannan. Amma ina jin akwai kuma maganar Haruna, cewa ka fi ni. Ban so in rubuta wannan ba, na rubuta. In Allah ya ba ka masu koyo a ƙarƙashinka, ka gyara musu bayan baƙi sun tafi, kuma in sun yi daidai ka faɗa da baki, kada ka bar shi a ciki kamar yadda nake yi.

Sauran abu ɗaya. Guntun da na yanka na ajiye shi a kan katanga. Bayan tafiyarka na ɗauko shi da safe na duba a haske. Na kai shi kusa da ido, na nisantar da shi. Dattijo, ban tabbata akwai zaren ba. Wani lokaci ina ganin wani fari-fari siriri, wani lokaci ba na gani. Tun bara idona ya fara gardama da abin da ke kusa, lambar waya ma sai na miƙe hannu nake karantawa, ban faɗa wa kowa ba. Mai yiwuwa ƙirginka ya nuna tun ranar. Mai yiwuwa da saura. Ban sani ba, kuma na yi magana a gaban mutane kamar na sani.

Ƙirgin yana nan cikin babbar kwatarniya. Ƙarin zama a ruwa ba ya cutar da ƙirgi, ina juya shi kullum. Ban sake sa masa wuƙa ba kuma ba zan sa ba. In ka sa fatun mutane a ruwan farko, suka kama hanya, ka hau mashin wata ranar kasuwa ka zo ka yanka shi da hannunka, ka duba da idonka. Abin da ka ce shi ke nan. In ka ce ya nuna, ni zan ɗauka in kai wa Haruna, in faɗa masa a gaban yaransa cewa idona ne.

Ban ce ka karɓi ruwan don ni ba. Ba nawa ba ne ma. Ni na zubar da na kakanka, wannan kuma fatun da suka ratsa shi da yawansu kai ka juya su. In har yanzu ranka bai sauka ba, ka yi fushinka da ni, ka zuba ruwan.

Na so in kawo da kaina. Innarka ta ce in na je zan leƙa mazubi in yi magana, kuma gaskiya ta faɗa. Lawwali mai kabu-kabu zai kawo maka gobe tare da wannan takarda. Na ce masa ya sauke a ƙofar gidan kawunka ya juyo, kada ya jira amsa.

Allah ya tsare ka, ya tsare amanar da ke hannunka. Allah ya sa ka gama da mutanen garin lafiya, ya haɗa ka da abokan kirki, ya kare ka a kan hanya in ka tashi zuwa. Ka riƙe salla a kan lokaci ko da hannunka na cikin toka. Ka gaishe da kawunka da iyalinsa. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Garba.

Abin da ya rage na gobe, in Allah ya kai mu:

Ɗaure bakin jarkoki da leda da roba, kada su zube a hanya.
Lawwali, bayan sallar asuba, kafin ya ɗauki fasinja.
Matsar da fatun awaki zuwa sabon ruwa, in sun yi.
Wasa kartaji.
Tambayar mai tabarau a kasuwa.
Ƙirgin Dattijo: a juya, a mayar da dutse. Ba yanka.